Hular da na fara a kullen 2020 har yau ba ta ƙare ba

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya ina kakkaɓe ƙarƙashin gado na jawo wata tsohuwar kwalla, ina buɗewa sai ga hular da na fara ɗinka wa Baban Ilham a azumin 2020. Allurar tana nan soke a jikinta, har ta yi tsatsa ta ɓata yadin. Rabin zagaye kawai na yi, zare fari da ruwan toka. Na zauna a bakin gado riƙe da ita, girkina har ya kama.

Wanda yake Kano bai manta ba. Daren Alhamis 16 ga Afrilu da ƙarfe goma aka rufe gari saboda cutar korona, aka ce mako guda ne. Azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mana sati biyu, daga nan aka yi ta ƙari. Ni malama ce a makarantar kuɗi, tun Maris aka sallami yara, mai makaranta ya ce tunda iyaye ba su biya ba shi ma ba shi da abin ba mu. Ga zafi, ga rashin wuta, ga yara uku da babansu duk a tsakar gida ɗaya. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta ga ina neman zarewa, ta miƙo min yadi mai zane da zare ta kan katanga, ta ce in ja turmi in taka. A tsaye a kan turmi na koyi ɗinkin hula, ita ta can ni ta nan.

Da aka buɗe makarantu a Oktoba na jefa ta a kwalla, shi ke nan. To ku fa? Me kuka koya a zaman nan, kuma ya zauna muku ko ya bi iska irin nawa?

Ɗan Sahu na Kurna
Wa alaikumus salam. Hajiya ki yi haƙuri, amma duk lokacin da na ji ana irin wannan hirar raina ɓaci yake. Me muka koya? Yunwa muka koya. Ni adaidaita sahu nake ja, kuma ba tawa ba ce, balas nake kaiwa kullum. Ranar da ban fita ba, ba a ɗora tukunya. Mashin ya yi ta zama a ƙofar gida har batir ya mutu, taya ɗaya ta sace. Kayan tallafin da ake ta faɗa a rediyo, a layinmu ko ƙwayar shinkafa ban gani ba. Masu albashi su ne suka samu hutun koyon saƙa da shuka fulawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Ilham
Ɗan'uwa ka sake karantawa. Ni ma wata shida ko sisi ba ta shigo min ba. Ba don ƙoshi na ɗauki allura ba.

Baban Abba
Ni dai ba zan yi ƙarya ba, ma'aikacin gwamnati ne, albashina bai tsaya ba, kuma ina cikin waɗanda aka ce su zauna a gida. Maganar Ɗan Sahu da ni take, na karɓa. Abin da na yi shi ne lambu a buhun siminti. Na jera buhu goma sha biyu a bayan ɗaki, na haɗa ƙasa da kashin awaki, na zuba alayyahu da rama da tumatir da kuɓewa. Tumatir ya ƙi, zafi ya ƙone furen tun bai ɗaura ba. Amma alayyahu cikin sati huɗu muka fara yanka, ka yanka ya sake tofowa. Kuɓewa sai da ruwan sama ya sauka ta yi hankali. Har yau buhu shida na nan.

Ɗan Sahu na Kurna
Ruwan ban-ruwan fa? Mu a lokacin jarka ɗaya ma sai an yi dace da mai kura.

Baban Abba
Ruwan alwala da na wankin shinkafa. Baho na ajiye a wajen alwala.

Goggo ta Birnin Zariya
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Dariya ce ta kama ni tun da aka karanta min maganarku. Kulle! Maza sun ɗanɗana na wata biyu sun cika duniya da kuka. Ni tun ina 'yar shekara goma sha biyar aka kai ni gidan miji a cikin ganuwa, na fi shekara talatin ban san hanyar kasuwa da rana ba. In za a je barka ko gaisuwa sai bayan magariba, da yaro riƙe da fitila. A cikin kullen nan na yi wa 'ya'yana mata huɗu kayan ɗaki, da allura. Ɗinkin babbar riga nake yi, mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas a kan shadda, a kawo min in cika da zare. Da aikin maza ne, a zaure suke yi, daga baya mata muka karɓe shi a cikin gida. Riga ɗaya mai aiki sosai takan ci min wata biyu.

Saboda haka ranar da El-Rufa'i ya rufe Kaduna a ƙarshen Maris, ni ko a jikina, na ce yau maza za su san abin da bango yake faɗa wa mutum. Amma ba a yi kwana goma ba na gane na yi saurin dariya. Ashe kullenmu na da, da ƙofa a buɗe ake yinsa. Ni ina ciki, amma yaro yana fita sayen zare, dillaliya tana shigowa, mai riga yana zuwa daga Kano ya karɓi aikinsa ya biya, 'yar talla tana fita da ƙuli ta dawo da kuɗi. Wannan karon aka rufe mu aka rufe 'yan aikenmu. Riguna uku na gama suna ninke a adaka, ba mai zuwa ɗauka, an hana shiga wata jiha daga wata. Zare ya ƙare min, na koma warware wani tsohon aiki ina sake amfani da zarensa.

To yaron nan mai mashin, kada ka ce allura ta masu ƙoshi ce. Kuma ke mai hula, in kin ce kulle ya koya miki, ki ce tsohuwar bayan katanga ta koya miki.

Maman Ilham
Allah ya ƙara girma Goggo. Gaskiyarku. Ta rasu bara, Allah ya jiƙanta.

Telan Fagge
Amin. Ni fa shekarar nan ba zan manta da ita ba ko don ɗinkin sallah. Duk tela ya san azumi shi ne kakarmu, abin da ka samu a cikinsa shi zai kai ka babbar sallah. Kantin Kwari a rufe, ba wanda ya yanko yadi, wanda ya yanko tun da wuri ba shi da kuɗin ɗinki. Na ɗauko kan keken daga shago na kawo gida, irin na takawa, don ba ruwansa da wuta.

Buhun ƙyallaye ne ya cece ni. Kowane tela yana da shi, ragowar atamfa da shadda da ake tarawa masu katifa da filo su saya. Na zazzage shi a tsakar gida muka fara takunkumi. Ninki biyu, atamfa a waje, farin yadi mai laushi a ciki, a karya shi uku a gaba don ya buɗe ya rufe hanci da haɓa. Matata tana yanka, babbar 'yata tana guga da dutsen gawayi, ni ina takawa. Da roba ta yanke a gari muka koma tsaga tsofaffin singileti, in ka ja tsagin yana naɗewa da kansa ya zama igiya, kuma ya fi roba daɗi a kunne. Ranakun da aka sassauta, Litinin da Alhamis daga goma na safe zuwa huɗu, yarona yake fita da su a faranti. Naira ɗari da farko, da kowa ya shigo harkar ya koma hamsin.

Abin dariyar, mafi yawan masu saye ba don cuta suke saye ba, don masu tsaron hanya ne. A haɓa ake rataye shi sai an hango shinge. Akwai wanda ya ce in yi masa kalar hularsa.

Ɗan Sahu na Kurna
Ka ga irinta. Wannan ai neman abinci ne, ba nishaɗi ba. Ni da shi ba mu da faɗa.

Anti Nas
Ni ban ga kulle ba, ma'aikaciyar jinya ce. Kuna ciki muna waje, titi fayau kamar an share, tun daga gida har asibiti sai in ƙirga motocin da na gani. Ƙarshen Afrilun nan ba na son tuna shi. Dattawa suka yi ta tafiya, yau a ce wane, gobe a ce wane, kuma mutane suna tsoron zuwa asibiti, masu hawan jini da ciwon suga suna zaune a gida ba magani. In na dawo ba na bari yarana su taɓa ni. Bokiti na ajiye a soro, in cire kaya in jiƙa, in yi wanka, sannan in shiga. Autana yana da shekara biyu, ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo hannu yana kuka.

Barci ya ƙaurace min. Sai na tono kwarashin da na yi tun ina makarantar kwana, da ragowar ulu. Bayan sahur in zauna in yi ta saƙa, ba tsari ba komai, hular jarirai da safa. In hannuna yana ƙirga ido, kaina ba ya ƙirga gawa. Na saƙa sun fi talatin, ban sayar da ko ɗaya ba, kuma ba zan sayar ba. Wasu na ba wa masu haihuwa, sauran suna nan a leda.

Ɗan Sahu, ina da albashi kam. Amma wallahi ba hutu ne ya sa ni saƙa ba.

Ɗan Sahu na Kurna
Allah ya saka muku Anti. Ban da bakin magana a nan.

Malam na Tudun Wada
Bari in ɗan sassauta muku da abin kunyata. Shekara ashirin ina bin liman tarawihi, ban taɓa tunanin wata rana ni zan ja ba. Da aka rufe masallatai sai ga ni a gaba, uwargida da yara a baya. Daren farko na ɗauko daga Wadduha zuwa ƙasa na lallaɓa. Dare na uku na ce bari in nuna ni ma na yi makaranta, na ɗauko Tabaraka. Ban yi aya goma ba na sarƙe. Sai na ji gyara daga sahun baya. Uwargida ce, 'yar Islamiyyar dare da nake yi wa tsiya. Ta gyara min sau huɗu a raka'a ɗaya.

Washegari na ajiye girman kai. Bayan azahar sai mu shimfiɗa tabarma, ta riƙe Alƙur'ani ina kawo hadda. Tafsiri kuma a rediyo muka ji shi a shekarar, malami da mai jan baƙi su kaɗai ba jama'a, har ka ji muryarsu tana amsa kuwwa a masallaci. Ba i'itikafi, ba tashe. Yarana sun dame ni da zancen tashe, ranar goma ga wata suka shafa gawayi suka ɗaura wa ƙaraminsu tsumma a ciki, suka yi mana a tsakar gida, muka biya su da dabino. An bar mu mun yi idi ranar 24 ga Mayu, amma ba hawa, ga sabon sarki ko hawan sallarsa na fari bai yi ba.

Izu biyu na haddace a hannunta. Ɗaya ya zube, ɗaya na nan.

Maman Ilham
Malam, Allah ya ƙara wa uwargida daraja. A gaishe ta.

Ɗalibi Mai Jiran Sakamako
Iyayena ku namu kullen ya fi na kowa tsawo, don korona ta haɗu da yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'a. Tun Maris muke gida sai 23 ga Disamba aka janye. Wata biyun farko waya kawai nake dannawa, in data ta ƙare in kwanta in kalli silin. Lokacin ne fina-finan Hausa masu dogon zango suka fara cika YouTube, muka zama 'yan jiran sati.

A bayan gidanmu akwai tsangaya. Da gwamnoni suka fara kwashe almajirai ana mayar da su jihohinsu, sai wurin ya zama kango, daga alaramma sai gardawa biyu. Wurin da ko da asuba ba ka jin maganar na kusa da kai saboda karatu, ya koma sai kukan kurciya. Ina kai masa kunun buɗa-baki na tarar yana yi wa wani allo zayyana, irin wanda ake riƙewa ranar sauka. Na tsaya kallo, ya ce in zauna.

Sati biyu bai bar ni na taɓa allo ba. Fiƙe alƙalami kawai, na gamba, in fiƙe ya duba bakin ya karya ya ce sake. Sai dama tawada, gawayi da ƙaro, a niƙa har sai ba ka jin tsakuwa tsakanin yatsu. Sannan jan layi. Ba ya amfani da rula, amma in ka auna gidajen da ya raba ba za ka samu wanda ya fi wani ba. Baƙi ake fara zagayewa, sannan a cika gida-gida da ja da ruwan ɗorawa da kore, kuma ba a cika na kusa da wanda bai bushe ba. Ni da nake karanta injiniya a jami'a, tsohon nan ya nuna min ban san daidaito ba.

Na iya daidai gwargwado. Amma ga inda nake son a yi muhawarar. Da na sa hoton allona na farko a Facebook, duk wanda ya yi magana cewa yake “ka mayar da shi sana'a”, “nawa kake yi”, “buɗe shafi”. Ba wanda ya ce ya yi kyau ya yi shiru. Me ya sa mu Hausawa ba mu yarda mutum ya yi abu don yana so kawai ba?

Maman Ilham
Ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Wallahi abin da ya kashe min gwiwa ke nan. Ina cikin jin daɗin hulata wata 'yar'uwata ta gani ta ce, “A wannan saurin naki a shekara hula nawa za ki yi? Ba riba.” Tun daga ranar in na ɗauki allura sai in ji kamar ana bina bashi.

Telan Fagge
To ai gaskiya ta faɗa miki. Zare kuɗi ne, yadi kuɗi ne, ido ma kuɗi ne. Ku tambayi matan da suke ɗinkin hula a Maiduguri da ƙauyukan Kano, sati nawa suke yi a kan guda ɗaya kuma nawa dillali yake ba su. A ƙasar da mutum yake da baki goma a wuyansa, ya zauna yana aikin da ba zai kawo ko kuɗin gishiri ba? Sana'a sa'a, in Allah ya nuna maka hannunka ya iya abu, ƙofa ce ya buɗe maka.

Anti Nas
Malam tela, kai in ka tashi daga keke ba ka da abin da kake yi don ranka ya yi sanyi?

Telan Fagge
Tattabaru nake kiwo.

Anti Nas
Kana sayarwa?

Telan Fagge
Wa zai sayar da su! Akwai wata fara mai wuyan ja, an taya ta da tsada na hana. A kullen nan ma da dawa ta yi wuya, daga tuwona nake gutsura musu.

Baban Abba
Shari'a ta ƙare, tela ya kama kansa.

Telan Fagge
Wannan daban. Tattabara rai ce.

Uwar Marubuta
Ni ina tsakiya. Na fara rubutu a kullen nan don kaina, a waya, bayan an yi tarawihi yara sun kwanta. Labarin wata matar aure ce da mijinta direba kulle ya rutsa da shi a Legas. Na tura shafi biyu a wani zauren mata na WhatsApp, kafin asuba an cika ni da “ci gaba”. Kowa yana gida, kowa ido biyu har sahur. Kullum sai na yi shafi, in wuta ba ta zo ba in aika waya wajen mai caji ta hannun yaron maƙwabta, ya bi ta lungu.

Da na ga data tana cin kuɗin cefane na ce daga shafi na ashirin sai an biya ɗari biyu, katin waya ko ta banki. Aka biya kuwa, har na sayi buhun gawayi da kayan sallar yara. Amma daga ranar da kuɗi ya shigo labarin ya tashi daga hannuna. Wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce in an saki jarumar a dawo mata da kuɗinta. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni aka yi min ca, wai na ci kuɗin mutane. Ga masu fitar da littafi su watsa a wasu zaurukan kyauta. Na ƙare shi yadda suke so, ba yadda na so ba. Har yau ina rubutu ina samu, alhamdu lillahi, amma daɗin shafi ashirin ɗin nan na farko ban sake jinsa ba.

Ɗan Yamai
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku. Mu nan ba a hana mu fita da rana ba, dare aka ɗauke muna. Daga ƙarfe bakwai na marece zuwa shidda na safe ba mai fita, an rufe shiga da fita birnin, an rufe masallatai da lakwal, wato makarantun boko. Wanda ya san Yamai a watan Afrilu ya san dare shi ne rayuwa, da rana zafi ba ya bari. Kuma mu samari fada ce gidanmu, benci da tabarma a bakin titi, shayi na ɗaya, na biyu, na uku har tsakar dare. Aka wayi gari ba fada. Shi ya sa da azumi ya matso aka yi ta rigima da ƙone-ƙonen taya a unguwanni, har aka rage awoyin, masallatai kuma aka buɗe su a tsakiyar Mayu.

Ni dole ta sa na dawo da shayina cikin gida. Furno namu, murhun waya da muke dafa shayi a kai, ya tsaya wajen abokina, sai na samu tsohuwar wayar ƙarfe da filaya na ce bari in gwada. Na farko ya karkace, butar ta kife a ƙafata. Na uku ya tsaya. Abin da ban zata ba, tsohona da bai taɓa zama da ni hira ba ya fara jawo kujera yana karɓar kofi na biyu. A nan na ji labarin yunwar 1984 daga bakinsa, yadda suka baro ƙauye da jaki ɗaya. Shekara ashirin da bakwai ina gidansa ban taɓa ji ba. Furnon yana nan, ban saida ba, ban kuma yi wani ba.

Ku tuna kuma a lokacin iyakarmu da ku a rufe take tun Agustan 2019, korona ta zo ta tarar da mu a matse.

Ɗan Sahu na Kurna
To tunda kowa ya tona kansa. Amma don Allah kada maganar nan ta je majalisarmu.

Na ce yunwa na koya, ba ƙarya na yi ba. Sai dai ba mu mutu ba, kuma dalili matata ce. Da ma tana awara, ni ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, kuɗin anko da biki nake ce masa. Da mashin ya tsaya, awarar nan ita ta zama albashin gidan. Tiya ɗaya ta waken suya take jiƙawa da safe. Yaran da suke kai mata markaɗe aka hana su fita, ni nake saɓa bokiti in bi ta lungu in kai gidan mai inji. In na dawo ni ne tata, don hannu yake ci, a zuba a ƙyalle a yi ta murzawa har madarar ta fita a bar dusa. A ɗora a wuta, in ya tafaso ta zuba ruwan tsami, sai ka ga ya tsinke ya taso kamar gajimare. A kwashe a buhu a ɗaure a ɗora dutse. Ranar farko na ɗora dutse biyu don in nuna ƙarfi, ta fito kamar takalmi, ranar asara muka yi, ta yini ba ta yi min magana ba.

Kafin magariba maƙwabta suna miƙo kwano ta katanga da ta ƙofa, na hamsin, na ɗari. Dusar ma ba ta zubarwa, mai awaki take ba wa ya ba mu itace. Haka muka ci azumin nan. Yanzu na koma kan titi, amma har gobe in na dawo da wuri ni nake tata, na fi ta iyawa ma, ita ta faɗa.

Goggo ta Birnin Zariya
Yawwa ɗan albarka. Yanzu ka yi magana. Ka ƙara mata jari, kada ka tsaya yabo.

Ku kuma masu gardamar a sayar ko kada a sayar, mu a zamaninmu ba mu san wannan rabon ba. Hannu dai kada ya zauna. Ina ɗinki ina sauraron rediyo, kishiyata tana kaɗi, ana hira ana dariya, in an gama a sayar. Daɗin yana ciki kuɗin yana ciki. Amma tunda yaron nan mai allo ya tambaya, akwai riga ɗaya a adakata da na yi wa Malam, ban gama ba ya rasu. Na ƙarasa ta bayan na fita takaba. An taya ya fi sau biyar. Jikokina sun san ko bayan raina ba ta kasuwa ba ce.

Ɗalibi Mai Jiran Sakamako
Allah ya jiƙan Malam, Goggo. Don Allah in an samu dama a ɗauko mana hoton aikin wuyan, ina so in ga yadda askar take.

Maman Ilham
Amin. Goggo, tawa hular fa, tsatsar nan za ta fita ko in haƙura?

Goggo ta Birnin Zariya
Za ta fita in ba ta ci yadin ba. Ki zare allurar ki yar. Ki matsa lemon tsami a wurin, ki barbaɗa gishiri, ki shanya a rana, in ya bushe ki ɗauraye wurin kaɗai da ruwan sanyi. Kada ki sa bilic, zai cinye zaren. In ba ta fita duka ba ki duba zanen, wataƙila gidan da za a cika da ruwan toka ne, ɗinki ya rufe ta.

Telan Fagge
Kuma kafin ki ci gaba ki sake auna kan maigidan. Shekarun nan wasu sun yi ƙiba wasu sun rame. Sannan ki yanko ɗan zaren ki tafi da shi kasuwa a hannu, ruwan toka kala-kala ne, in kika saya da ka za a ga inda aka tsaya aka ci gaba.

Maman Ilham
Na auna ɗazu yana barci, lamba 22 ce har yanzu, sai dai gashin ne ya tafi. Lemon tsami yana kai, tana kan igiya. Zaren ne ban san ko zan samu irinsa ba, marigayiyar ce ta ba ni kuma takardar jikinsa ta ɓace.

Ɗan Sahu na Kurna
Ki shiga Kurmi wajen masu kayan hula, ki nuna musu. Ki je da safe kafin a cika.